Daren da Cikin Ɗana Ya Murɗa a Jidda

Bayan sallar isha'i ɗana ya dafe gefen cikinsa na dama, sai amai. Muka garzaya asibiti a nan Jidda. Hoto ya nuna afendiks, wato wani ɗan tsiro da ke jikin hanji, shi ne ya kumbura, amma bai fashe ba.

Ni na ɗauka wuƙa ce kawai. Sai likitar ta ce, "Baba, hanya biyu ce." Ta ba ni labarin wani bincike na ƙasar Finlan da aka wallafa a 2015: majinyata 530, aka yi wa wasu tiyata, wasu aka ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta. Cikin waɗanda suka samu magani, kashi 27 cikin ɗari sai da aka yi musu aikin kafin shekara. Bayan shekara biyar sun kai kashi 39.

Mutanen nan sun tsaya mini a rai. Suna cikin ciwo suka yarda ƙuri'a ta zaɓa musu magani. Allah ya saka musu.

Ɗana direba ne, kullum yana hanyar Madina. Ya ce, "Baba, in ya dawo mini a tsakiyar hamada fa?" Aka yi aikin ta ƴan ramuka uku, da kyamara. Jiya ya sha kunu.