Tambarin zuriya da jirgin da na goge

Zanen kwamfuta ne sana'ata, shi ya sa maƙwabciyata a birnin Kebek na Kanada, wata dattijuwa mai riƙe da takardun ƙungiyar zuriyarsu, ta ce in zana musu tambari mai siffar garkuwa. Kakansu na farko manomi ne daga Normandi ta Faransa, ya sauka a tsibirin Orleyan da ke cikin kogin San Loran tun ƙarni na 17. Na ɗauka aikin kwana biyu ne. Sai da na ci wata uku.

Zanen farko na cika garkuwar maƙil: jan jirgin ruwa a kan shuɗi, gatari, coci, ganyen mapul, ga furen fleur-de-lis uku ruwan zinariya. Ta gyara tabarau ta ce, "Ɗana, garkuwa ce wannan ko kasuwa?" Ashe fure uku na zinariya a kan shuɗi tambarin sarakunan Faransa ne, su kuwa kakansu ko doki bai zo da shi ba. Fari guda ɗaya, irin na tutar lardin Kebek ta 1948, ya isa ya faɗi asali.

Jan jirgin ma ya taka doka. A wannan fanni rawaya da fari ƙarfe ake ɗaukarsu, wato zinariya da azurfa. Ja, shuɗi, kore da baƙi su ne launi. Ba a ɗora launi kan launi, ko ƙarfe kan ƙarfe. Na soma gardama, ni da nake ganin na san launi. Ta manna takardar a bango ta ce in ja baya taku goma. Jirgin ya narke cikin shuɗin, sai dishi-dishi. Da ma ana cewa don a gane mayaƙi daga nesa aka ƙirƙiro irin waɗannan tambura.

Kogin bai ba ni wuya ba: farin layi mai lanƙwasa, kamar Neja da Binuwai a baƙar garkuwar Najeriya. Damin alkama ya tsaya wa noma. A nan na sake kwafsawa. An ce a sa damin a dama, na sa shi a damata, alhali damar mai riƙe da garkuwa ake nufi, hagun mai kallo ke nan.

Hukumar tambura ta Kanada, wadda aka kafa a 1988 ƙarƙashin Gwamna Janar a Otawa, ƙungiya ko mutum take ba wa tambari, ba duk mai amsa sunan gidan ba. Kuma bayanin da aka rubuta da kalmomi shi ne ainihin tambarin, zane bin sa yake yi. Namu da aka amince da shi layi huɗu ne da Faransanci, kuma jirgin da na kwana biyu ina yi wa igiyoyi ba ya ciki.