Jan katanga a bayan garin Chasselay

Kwanana huɗu a birnin Liyon na ƙasar Faransa kafin Kawu ya samu sarari daga wurin aiki. Ranar Asabar da sassafe ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, makullin mota a hannunsa, ya ce in saka riga mai kauri.

"Ina muka nufa, Kawu?"

"Ziyara za mu. Kai dai tashi, ɗan nan."

Na ɗauka gidan wani abokinsa za mu, har ina lissafin ko za a samu abinci mai yaji, don tun zuwana burodi da cuku suka ishe ni. Sai da muka bar cikin birni muka miƙe arewa a kan babban titin da ke zuwa Faris sannan ya gaya mini cewa kaburbura za mu ziyarta. Ƙarshen watan Oktoba ne, ganyaye sun yi ja sun fara zuba, ga wani hazo-hazo ya kwanta a kan duwatsun da ke gefen hanya. Tafiyar ba ta kai minti talatin ba. Muka sauka daga babban titi, muka ratsa ta tsakanin gonakin itatuwan marmari, sai ga allo ɗauke da sunan garin: Chasselay. Masu garin Shasale suke cewa.

Ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce dubu uku ba, tsohon ginin dutse, tituna ƙunci-ƙunci masu zagaye kamar an naɗe tabarma. Kawu ya ajiye mota ya ce mu fara da na cikin gari tukuna. Abin da yake nufi shi ne dutsen tunawa da 'yan garin da suka mutu a yaƙi. Irin wannan dutse kusan babu ƙauyen Faransa da ba shi da nasa. Ƙasar ta rasa sojoji wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, kuma da yawansu can fagen fama aka binne su, wasu ko gawarsu ba a gani ba. To uwar da ba ta da kabarin da za ta je, ina za ta kai kukanta? Shi ya sa bayan yaƙin kowane gari ya haɗa kuɗi ya kafa dutse, ya sassaƙa sunayen 'ya'yansa. Duk ranar 11 ga Nuwamba magajin gari kan zo da furanni, 'yan mazan jiya su riƙe tutoci, a tsaya shiru.

Na tsaya na bi sunayen da ido. Karatun Faransancina bai taka kara ya karya ba, amma suna suna ne. Kawu ya ce in lura da wani abu: a ƙauyukan nan, sunan dangin da ka gani a jikin dutse sau da yawa za ka sake ganinsa a ƙofar wani gida ko a allon wani kanti, taku kaɗan daga wurin. Wato mamacin yana nan cikin danginsa. Jikan ɗan'uwansa na wucewa ta gabansa kullum in zai je sayen burodi, ko ya ɗaga kai ko bai ɗaga ba.

Ba mu jima ba muka koma mota. Wuri na biyun yana bayan gari, a wani fili da ake kira Vide-Sac.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba sa'ad da muka sha kwana na hango shi. Kana cikin tsakiyar karkarar Turai, korayen filaye, gidaje masu jan rufi, kwatsam sai ga katanga ja kamar an yaɓe ta da jar ƙasa, tsayinta ya kusa mita uku, kusurwoyinta da saman ƙofarta ɗauke da wasu tsinaye masu kama da zankaye, an soka musu itatuwa suna leƙowa waje irin na tsofaffin masallatan ƙasar Mali. Na ce wa Kawu, "Wannan ai gidan sarki ne." Ya yi dariya ya ce kowa ya kawo nan abin da yake fara faɗa ke nan. Sunan wurin Tata. A harshen mutanen Mande, tata ita ce ganuwa, katangar da ke kare gari daga mahara, irin wadda ta kewaye birnin Sikaso na ƙasar Mali. Faransawa kuma suna fassara kalmar da keɓaɓɓen wurin da ake binne jarumai. Ƙofar katako ce mai nauyi, an sassaƙa fuskoki takwas a jikinta.

Muka yi sallama muka shiga. Ba kowa sai mu biyu da iska.

Kaburbura 196 ne a jere, sahu-sahu, duwatsunsu iri ɗaya. Daga cikinsu 188 na sojojin Afirka ta Yamma ne, shida na 'yan Arewacin Afirka, biyu kuma na sojojin rundunar 'yan ƙasashen waje ta Faransa, ɗaya ɗan Rasha ɗaya ɗan Albaniya. Faransawa suna kiran waɗannan sojoji 'yan bindigar Senegal, sunan da ya samo asali tun 1857 lokacin da gwamna Faidherbe ya kafa rundunar. Amma sunan ya rufe gaskiya. Daga ko'ina cikin ƙasashen da Faransa ke mulka aka kwaso su: Senegal ɗin, da Mali, da Gini, da Kwaddibuwa, da Benin, da Burkina Faso, da Nijar, in muka kira su da sunayensu na yau. Wasu da son ransu suka shiga, da yawa kuwa kason da aka ɗora wa hakimi ne ya faɗa a kansu.

Kawu ya samu gefen katanga ya jingina, ya ba ni labarin daki-daki, don ya sha zuwa taron da ake yi a nan.

A watan Yunin 1940 Faransa ta riga ta durƙushe a gaban sojojin Hitila. Faris ta faɗi ranar 14. Ranar 17 Marshal Pétain, sabon shugaban gwamnatin Faransa, ya shiga rediyo ya ce dole a daina faɗa. Washegari aka ayyana Liyon a matsayin birnin da ba za a kare ba. Duk da haka aka umarci runduna ta 25 ta waɗannan sojojin Afirka da ta tare hanyoyin da ke gangarowa birnin daga arewa, kuma kada ta ja da baya. Wannan umarni shi ne ya fi tsaya mini a rai. Manya sun riga sun jefar da makami a zukatansu, ana ta aika saƙon neman sulhu, amma an ce wa yaran mutane su tsaya su tare tankoki da ƙirjinsu. Kuma suka tsaya.

Ranar 19 ga Yuni aka gwabza a Montluzin, wani gidan 'yan sista, wato matan coci masu zaman ibada, da ke kusa da nan. Sojojin suka riƙe wurin sa'o'i har harsashi ya ƙare. Da Jamusawa suka shiga, sai suka bi baƙaƙen fata ɗaya bayan ɗaya suna ƙarasa su, har da masu rauni. Washegari, 20 ga wata, wani rukuni ƙarƙashin Kyaftin Gouzy da ya ja daga a wani babban gida da ake kira Plantin shi ma ya miƙa wuya. Aka tasa ƙeyarsu a kan hanya har zuwa wannan fili da muke tsaye. A nan aka ware Turawa gefe guda, aka kora 'yan Afirka cikin gona, tankoki suka buɗe musu wuta ta baya, sannan suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Kimanin mutum hamsin a wuri ɗaya. Kyaftin ɗin ya ɗaga murya ya nuna bai yarda ba, aka harbe shi a ƙafa. Kwana biyu bayan haka, ranar 22, aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta.

Kwana biyu kacal. Na yi ta juya wannan a zuciyata.

Shekara da shekaru ana ɗora kisan Vide-Sac a kan dakarun SS, wato mayaƙan jam'iyyar Hitila, waɗanda dama an san su da rashin imani, kuma sun yi irinsa a ƙauyen Lentilly da ke yankin. Sai a 2019 wasu hotuna takwas da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar suka fito fili, masana suka duba lambobin jikin tankokin suka gane na rundunar tankoki ta 10 ce, wato sojojin Jamus na yau da kullum. Ba aikin wasu tsirarun mahaukata ba ne. Tun bayan yaƙin farko, lokacin da Faransa ta girke sojojin Afirka a yankin kogin Rayin, ake cusa wa Jamusawa cewa baƙin soja dabba ne mai yanka mutane da adda. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa tsakanin 1,500 zuwa 3,000 ne aka kashe ta wannan hanya a faɗin Faransa cikin watannin Mayu da Yunin wannan shekara, bayan sun ajiye makamai.

Abin da ya kawo ni ga rubuta wannan labari kuwa shi ne abin da mutanen garin suka yi bayan tankoki sun wuce. An hana su taɓa gawarwakin. Suka ƙi ji. Manoma ne da masu sana'a, yawancinsu ba su taɓa magana da baƙin mutum ba sai 'yan kwanakin nan da sojojin suka sauka a garinsu. Suka fito suka haƙa rami suka rufa musu asiri, suka tattara abin da ya rage na takardu da lambobin shaida suka adana. Mai kantin maganin garin, Henriette Morin, ta yi jinyar waɗanda aka tsinta da sauran numfashi. 'Yan sistan Montluzin su ma suka yi nasu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gawar baƙo ya san nauyin abin: ba ka san uwarsa ba, ba ka san da wane harshe yake mafarki ba, amma ka san ba a barin ɗan Adam a fili tsuntsaye su ci.

Sai kuma wani mutum, Jean Marchiani, tsohon sojan yaƙin farko, wanda ke riƙe da ofishin kula da 'yan mazan jiya na lardin. Shi ya ɗauki abin a kansa. Gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa ta lokacin da ke haɗa kai da Jamus, ba ta ba da kuɗi ba, sai ya nemi fili, ya bi jama'a da ƙoƙon bara, ya bi ƙauyukan yankin yana gano inda aka turbuɗe kowa, aka tono su aka kawo nan. An buɗe wurin ranar 8 ga Nuwamba 1942, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka, kwana uku kafin Jamus ta mamaye sauran kudancin Faransa. Da an ƙara mako guda ana jan ƙafa, wa zai bari a yi taron girmama baƙaƙen sojoji a gaban idon waɗanda suka kashe su? An kawo ƙasa daga Dakar aka barbaɗa a wurin. Sai a 1966 hukuma ta karɓe shi ya zama maƙabartar ƙasa.

Na bar Kawu na shiga bin sahu. A kowane dutse akwai suna, da runduna, da kwanan wata, da kalmomin nan da ke cewa ya mutu saboda Faransa. Kwanan watan ne ke maimaita kansa, 19, 20, 19, 20, kamar mai jan carbi. Sunayen kuma sai ka karanta da ƙarfi kafin ka gane su, don magatakardan Bature ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo masa. Wani ka ji Bafulatani ne, wani Bambara, wani Mosi. Wani ka ji sunan da in aka kira shi a kasuwa mutum biyar za su waiwayo. Tsakaninsu kuma ga duwatsu da yawa masu kalma guda, wadda ke nufin ba a san shi ba. Akan cire musu lambar shaida kafin a bar gawar, da gangan.

A nan ne na tuna dutsen cikin gari. Wancan yana da jikoki a ƙofa. Waɗannan kuwa danginsu suna can bayan teku da hamada, kuma ta yiwu wata tsohuwa ta yi shekara talatin tana jin motsin mota a bakin gari tana fitowa dubawa. Ƙauyen da ya haife su ba shi da dutse, ƙauyen da ke da dutsen bai haife su ba. Ina da ƙorafi a kan yadda Faransa ta saka wa waɗanda suka rayu cikinsu, tun daga harbin da aka yi wa masu neman haƙƙinsu a sansanin Thiaroye da ke Senegal a Disambar 1944 har zuwa fanshon da aka daskarar musu shekaru da dama bayan samun 'yancin kai. Amma wannan bashi a kan hukuma yake. Manomin da ya ɗauki shebur a ranar da aka ce kada ya ɗauka, ba na sa shi cikin wannan lissafi.

Muna nan wata dattijuwa ta shigo da ɗan karenta a igiya, ta ɗaure shi a waje. Ta gaishe mu da kai, ta sunkuya ta gyara wata tukunyar fure da iska ta kayar, ta tsince busassun ganyaye biyu-uku daga kan tsakuwa, ta fice. Ba ta yi minti uku ba. Kawu ya bi ta da kallo ya ce haka suke yi.

Da muka tashi tafiya ya ce mu yi musu addu'a. Na ce, "Kawu, ai ba duka ne Musulmi ba. Akwai Kirista, akwai masu addinin gargajiya."

Ya dube ni kamar na faɗi abin da bai kamata ba. "Ɗan nan, da ake harbinsu an tambaye su? Ɗaga hannunka. Wanda ya halicce su ya san kowa da sunansa."

Muka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, muka shafa. Sanyi ya riga ya kama mini yatsu har ban iya jan zip ɗin rigata ba. Kawu ya jawo ƙofar katakon ya rufe a hankali, ya ce in mun koma gari akwai inda za mu sha shayi mai zafi, amma kada in sa rai da yaji.