Godiya ga duk wanda ya sa hannu a lambun ofishinmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi walimar girbin da muka yi ranar Asabar an tashi lafiya, an ci an sha har an yi guzuri, shi ne na ce bari in zo nan in yi godiya tun kafin hidima ta sha kaina, don mutanen da suka wahala a kan lambun nan sun fi ƙarfin godiyar da aka yi musu a tsaitsaye.

Ga wanda bai san zancen ba, filin gaban ofishinmu a nan Kano a da ciyawar ado ce zalla, a ba ta ruwa safe da yamma a kawo inji ya aske ta, ba mai ci ba mai zama a kai, har allo aka kafa wai kar a taka. Da aka cire tallafin mai a 2023 sai kuɗin fetur na injin yankan da na janareton da ke jawo ruwan bohol ya zama abin magana a kowane mitin, ciyawa ta fara ƙonewa, shi ne Hajiyarmu ta sashen kuɗi ta ce tunda dai ruwan nan zuba shi za a yi ai gara a zuba wa abin da zai shiga tukunya. Dariya aka yi mata ranar. Hajiya Allah ya saka da alheri, masu dariyar nan yanzu su ne kan gaba wajen tsinkar alayyahu.

Amma babbar godiya ta Baba mai gadi ce. Mu 'yan boko mun zo da zane a takarda da bidiyon YouTube, Baba ya saurare mu tsaf, sannan ya ɗauko fartanya ya sara ƙasa sau ɗaya ya nuna mana baraguzan bulo da siminti da aka binne tun lokacin gini, ya ce a nan ko tafasa sai ta yi tunani kafin ta fito. Shi ya sa aka kwashe su, aka zuba kashin awaki da ya kwana biyu ba ɗanye ba don ɗanyen ƙona shuka yake, shi ya ja fangali da hannunsa. Kuma shi ya hana mu cika filin da tumatir kaɗai yadda muka so, ya tuna mana yadda tsutsar sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Ya jera zogale ta jikin katanga, yakuwa da rama da lalo a gefe, kuɓewa a tsakiya, wake a tsakankani don yana gyara ƙasa, kabewa kuma ya bar ta ta bi shinge, ga gwanda da lemon tsami da gwaiba ta baya. Da ƙwari suka taso wani ya kawo shawarar a sayo maganin feshi, Baba ya ce a'a, ya daka ganyen dogonyaro ya jiƙa ya tace aka yayyafa da yamma. Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Iyayenmu masu shara mun gode, ganyen da a da ake cinna wa wuta a bayan sito su suka riƙa tara shi a rami yana zama taki. Mai gyaran famfonmu ya ja bututu daga wurin alwalar masallacin ofis zuwa gindin gwanda, ruwan da yake tafiya kwata a banza, bai karɓi ko sisi ba. Direbobi sun sha ɗauko buhunan taki a bayan mota suna ƙorafin wari amma ba su taɓa ƙi ba. Ƙannenmu masu bautar ƙasa su suka riƙe jadawalin ban ruwa a WhatsApp, wanda ya tsallake ranarsa sai ya ga sunansa a guruf, ba sani ba sabo har manaja.

Hutun babbar sallah ne ya so ya karya mana gwiwa, awakin unguwa suka samu kafa ta ƙaramar ƙofa suka yi wa zogale da wake ƙarƙaf, mun dawo wasu har sun ce a haƙura a mayar da ciyawa. Waɗanda suka fito ranar hutunsu suka yi dangar kara aka sake shuka, kun san kanku.

Oga ma mun gode da ya sa hannu, duk da sharaɗinsa na farko shi ne kar ya ga maciji. Bai gani ba, sai dai ƙudan zuma a furen kabewa da sassafe, da malam buɗe littafi, da kwaɗi da ƙadangaru masu taya mu cin ƙwari, da tsuntsayen da ke rigan mu ɗanɗana gwanda.

Matan da suka kwana a kan dambu da kwaɗon zogale da miyar kuɓewa da zoɓo, Allah ya biya ku, ƙuli-ƙulin nan dai har yanzu ana tambayar wa ya kawo.

Hunturu ya kusa, za a sa latas da karas da kabeji da albasa, don haka Asabar mai zuwa ƙarfe 7 akwai gyaran fangali, mai fartanya ya zo da ita, mai tsofaffin buhuna ko bokiti ma ya kawo. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe ni. Allah ya bar zumunci, amin.