Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kusoshi Huɗu a Gadon Bayana

A makon jiya na tsaya a inda ƙafata ta hagu ta fara sagewa, har ta kai ba na iya zuwa masallacin unguwarmu a Bolari sai na zauna sau biyu a hanya. Shekara 26 na yi ina sana'a a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, kuma rabinsu da kaina nake sungumar buhu.

Da hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka, ya fito, likita ya nuna mini ƙasusuwa 5 da ke jere a ƙugu, ya ce na huɗun ya zame gaba a kan na biyar, ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa. Na ce, "Likita, tsaga bayan nawa za ku yi?" Ya ce, "A'a, Baba, 'yan ƙofofi za mu buɗe." Ya bayyana cewa maimakon a yi doguwar tsaga a ɗaye tsoka daga jikin ƙashi, za su zura siririn bututu ta tsakanin tsokar, su cire guringuntsin da ya lalace a tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar, su sa wani ɗan keji mai ɗauke da ɓarɓashin ƙashi a gurbinsa, sannan su ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi 4 da sanduna 2 na ƙarfen titaniyom, suna duba hoton ƙashi a allo yayin da suke aikin.

Washegarin tiyatar aka tashe ni na taka, kuma ko ɗaya daga cikin ɗinkunan bai kai tsawon yatsana ba. A ganina, ƙanƙantar raunin nan ita ce ta fi ruɗin majinyaci, domin ni kaina na ɗauka na warke. Likitan ya ja mini kunne da misalin da ban manta ba: kusoshin tamkar karan ɗori ne, riƙewa kawai suke yi, ƙashin kuwa sai ya yi watanni, wani lokaci har shekara, kafin ya haɗe. Ya hana ni sunkuyawa da murɗa jiki da ɗaukar kaya.

Hana sunkuyawar ya fi komai yi mini nauyi, domin a kan kujera na yi ta salla, ina nuni da kai a madadin ruku'u da sujada. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa, ita zan ba ku labari mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.