Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jijiyar Wuyan Saniya

A makon jiya na tsaya ne inda likitan zuciya ya duba hoton eko, wato hoton zuciya da na'ura ke ɗauka, ya yi shiru. Abin da ya gani shi ne, bututun da aka dasa mini a Indiya ina 'yar shekara 7, mai kai jini daga zuciya zuwa huhu, ya tsuke, ƙofar cikinsa mai hana jini komawa baya kuma tana yoyo. Ni na girma, shi kuwa yana nan yadda aka sa shi.

Ciwon da aka haife ni da shi likitoci na kiran sa Fallot, lahani huɗu ne a zuciya ɗaya. Ina ƙarama, duk unguwarmu a Daura an san ni da tsugunno. In aka aike ni sayen ƙuli, kafin in dawo leɓena ya yi shuɗi, sai in tsuguna a bakin zaure ina haki. Wasu na cewa iska ce. Ashe tsugunnon ke ƙara tura jini zuwa huhu, jikina ne ya gano maganinsa da kansa.

Da Inna ta ji likitan ya ambaci kalmar aiki sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ita ta yi jinyata wancan karon, ita ta riƙa goge dogon tabon nan na tsakiyar ƙirjina, ta san abin da tsaga ƙashi ke nufi.

Likita ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, mai yiwuwa wannan karon ba sai an buɗe ƙirji ba." Ya zana mana a takarda. Za a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, ya bi har cikin zuciya, ɗauke da sabuwar ƙofa a naɗe cikin ragar ƙarfe. In ta kai wurin sai a hura balan-balan, ragar ta buɗe ta kama jikin tsohon bututun. Ya ce wani likita mai suna Philipp Bonhoeffer ne ya fara yin haka a Faransa a shekarar 2000, kuma kwana ɗaya ko biyu ake sallamar mutum.

Baba, wanda bai ce uffan ba tun shigowarmu, ya gyara zama.

"Likita, ita ƙofar da me ake yin ta?"

"Da jijiyar wuyan saniya, Alhaji. Akwai ƙofa a cikinta, ita ake ɗinkewa a jikin ragar."

Baba ya kai hannu ya shafa wuyansa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a karar Mai'adua, wanda shanunsa ya sayar aka yi mini aikin farko. Ya ce, "Ikon Allah," sau biyu, a hankali.

Likitan bai ɓoye mana komai ba, kuma har gobe ina gode masa. Ƙofar kan kamu da ƙwayar cuta, don haka kula da haƙora ya zama dole, zazzaɓi kuma ba na wasa ba ne a wurina. Sannan sai an fara gwadawa da balan-balan, in ya danne jijiyar da ke ciyar da zuciyar kanta, to dole a fasa, a koma tsaga ƙirji.

Da wannan muka kama hanyar Daura. Washegari da asuba na ji Baba a waya da dillali.

Mu haɗu mako mai zuwa in sha Allahu.