Garin da Garma Ta Gagara: Kwana Ɗaya a Cottonwood Falls

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni. Yana karatun kiwon dabbobi a Jami'ar Jihar Kansas da ke Manhattan, ba Manhattan ta New York mai dogayen benaye ba, wata ce can a tsakiyar Amurka inda shanu suka fi mutane yawa. Ni da na yi shekaru ina aikin malamin gona a ƙasar Zazzau, sunan jami'ar ba baƙo ba ne a kunnena, domin malamanta na cikin waɗanda suka taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960. Da na kai masa ziyara a watan Afrilu, ana idar da sallar Juma'a ya ce, "Kawu, shiga mota, yau zan nuna maka inda ake cinna wa daji wuta da sanin hukuma."

Na ɗauka zolaya ce. Na ƙarar da ƙuruciyata ina bin ƙauyuka ina roƙon mutane su daina ƙona daji, har wasu dagatai na ɓuya in sun hango babur ɗina.

Muka kama hanya mai lamba 177, muka nufi kudu. Tafiyar awa ɗaya ce da ɗan ɗoriya. Da muka bar gari sai bishiyoyi suka janye suka koma bakin rafuka, aka bar tuddai suna birgima har iyakar ganin ido. Wani tudun baƙi ƙirin, an ƙone shi jiya ko shekaranjiya. Na kusa da shi kore shar, toho ya fito. Na gaba kuma yana nan da busasshiyar ciyawar bara. Can gabas hayaƙi ya tokare sama. Wannan yanki shi ake kira Flint Hills, wato tuddan dutsen ƙyastu, kuma sunan bai yi ƙarya ba: da muka tsaya na tona ƙasa da makullin mota, ban yi nisa ba na ci karo da dutse.

Dutsen nan shi ne sirrin wurin. Kafin zuwan Turawa, doguwar ciyawa ta rufe eka kusan miliyan 170 a Arewacin Amurka. Garma ta cinye ta, aka mai da ita gonakin masara da alkama, abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma mafi yawansa a nan yake. Ba don mutanen nan sun fi na sauran wurare tausayin ciyawa ba ne. Sun gwada noma, dutse ya karya musu garma, suka haƙura suka koma kiwo, suka bar noma a fadamun bakin kogi.

Muka wuce Council Grove ba mu tsaya ba, muka ratsa Strong City, muka tsallake layin dogo da kogin Cottonwood. Muna shan kwana na gan shi a ƙarshen titi, ya tsaya ƙiƙam kamar hakimi a ƙofar fada: ginin kotun gundumar Chase.

Ya kamata in yi bayani kaɗan. Jihar Kansas an raba ta gunduma 105, kowace da garin da yake hedikwatarta, kusan yadda muke da ƙananan hukumomi. Chase an kafa ta a 1859, aka sa mata sunan Salmon P. Chase, ɗan siyasar nan mai adawa da bauta wanda daga baya ya riƙe wa Shugaba Lincoln baitulmali. Hedikwatarta Cottonwood Falls, a ƙidayar 2020 mutum 851 ne a cikinta. Gundumar kacokan ba ta kai mutum 2,600 ba. A wajenmu wannan ko mazaɓar kansila ba za ta cika ba, amma ga su da alƙali, da ma'aji, da magatakarda, da mai rajistar filaye, da shugaban 'yan sandan gunduma wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a.

An gama ginin a 1873, kuma shi ne ginin kotu mafi tsufa da har yanzu ake aiki a cikinsa a duk faɗin jihar. Da farin dutsen yankin aka gina shi, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, sai dai su sassaƙa shi suka yi suka jera. Rufinsa ja ne, salon ginin Faransa, da hasumiya mai agogo a bisa. Titin da ya miƙe zuwa ƙofarsa da jan bulo aka shimfiɗe shi, mai faɗi ƙwarai, amma motocin da na ƙirga a kai ba su kai ashirin ba, yawancinsu a-kori-kura masu ƙura.

A ciki, matattakalar bene ce ta tsayar da ni. Ta baƙin katako ce, tana murɗewa kamar bayan katantanwa har hawa na uku, marikinta ya yi sulɓi saboda hannuwan da suka bi ta kai shekara 150. Wata dattijuwa da ta zo sabunta lambar motarta ta ga muna kallon sama, ta tambaye mu daga ina. Da ta ji Nijeriya sai ta ajiye jakarta, ta zama 'yar rakiya ba tare da mun roƙa ba. Ta nuna mana ɗakin shari'a, ta nuna mana tsohon kurkuku da ke cikin ginin. Ta ce a nan aka rubuta aurenta, a nan takardar filin kakanta take, kuma in ta mutu a nan za a raba gadonta.

Maganar takardar filin ita ta tsaya mini a rai. Na sha zama a gaban alƙali a matsayin shaida kan rikicin gona, inda iyakar ita ce wata tsamiya da aka sare tun zamanin Sardauna, kowa na rantsuwa da Alƙur'ani a kan inda kututturenta yake. A nan kuwa manyan littattafai ne jere, fili kaza ya fita daga hannun wane zuwa hannun wane a shekara kaza, tun farkon kafa gundumar, kuma kowa na iya zuwa ya duba. Ban ce ba sa rigima ba. Ɗan Adam ne. Amma rigimar tana da inda za a buɗe a karanta.

Na tambayi dattijuwar me ya sa ƙaramin gari ya gina ƙaton abu haka. Ta yi dariya ta ce mutanen da sun zaci birni za su zama. Da gaskiyarta. Wajen 1900 gundumar ta haura mutum 8,000. Daga nan aka fara zarewa: injina suka rage buƙatar hannu, ƙananan gonaki suka narke cikin manya, makarantun ƙauye suka rufe ɗaya bayan ɗaya, yara suka tafi Wichita da Kansas City ba su dawo ba. Ko jirgin ƙasa ma bai yi musu adalci ba. Da kamfanin Santa Fe ya shimfiɗa layinsa a farkon shekarun 1870, sai ya bi ta arewacin kogi, ya bar hedikwata a gefe. Tasha ta haifi garin Strong City, wanda ya ci sunan shugaban kamfanin. Tsakanin garuruwan biyu bai kai tafiyar rabin awa a ƙafa ba, har an taɓa yin taragon da dawaki ke ja a tsakaninsu. Ɗaya ya samu jirgi, ɗaya ya riƙe kotu. Yau makarantar firamare tana Strong City, sakandare tana Cottonwood Falls, an yi raba daidai irin na kishiyoyi.

Akwai wani abu da ɗan ƙanwata ya nuna mini da baki muna fitowa. Sabon gidan yarin gundumar ya fi ƙarfin masu laifin garin nesa ba kusa ba, don haka ana karɓar baƙin haure da gwamnatin tarayya ta tsare, ana biyan gunduma kuɗin ajiyarsu. Na shafa aljihu na tabbatar fasfona yana nan. Garin da baƙo ke samun fara'a a bakin titi, shi ne kuma wani baƙon ke kwana a kulle yana jiran a mai da shi ƙasarsu.

Da magariba muka yi salla a gefen tsohuwar gadar kogin, inda ruwa ke zubowa daga wata 'yar madatsa. Daga nan muka bi sautin kiɗa. Al'adar garin ce duk daren Juma'a a taru, wanda ya iya ya kawo kayan kiɗansa, wanda bai iya ba ya kawo kunnensa. Ba tikiti, ba dandamali. Tsofaffi sun fi yawa. Wani ya riƙe gita, wata ta riƙe gogen Turawa, wani dattijo mai hular kaboyi yana kaɗa banjo, wanda duk Bahaushen da ya gani zai tuna gurmi, kuma asalinsa ma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka zo da shi. Wata yarinya ta ɓata waƙa har sau biyu, aka tafa mata fiye da kowa. Na lura ba wanda ya tambayi wani sunansa sai mu. Mai gyaran mota shi ne ɗan kwana-kwana na sa-kai, matarsa ce ke tuƙa motar makaranta, ƙanenta kuma yana cikin kwamishinonin gunduma. Mutum ɗaya hula uku, don ba wanda zai sa sauran.

A wurin na haɗu da wani makiyayi, hannunsa kamar bawon kuka. Da ya ji aikina sai ya ce mu fito waje. Muka ɗan fita bayan gari, ya nuna kudu. Wuta ce ta ja layi a kan tuddai cikin duhu, siririya, tana tafiya a hankali kamar an zare jan zare.

Na ce masa a ƙasarmu wannan laifi ne. Ya ce a nan rashin yin sa ne laifi. In aka bar fili shekaru ba wuta, wata bishiya mai kama da kazuwarina za ta mamaye shi, ciyawa ta mutu. Ciyawar kuwa ba ta tsoron wuta, don rayuwarta a ƙarƙashin ƙasa take, saiwarta na nutsawa fiye da tsayin mutum. Ba ranar da aka ga dama ake cinnawa ba. Sai an duba iska, an sanar da ofishin gunduma, maƙwabta sun taru da motoci masu tankin ruwa, an fara ƙone gefe-gefe don wutar ta tarar da iyaka. Yau a filin wane, gobe a na wane. Na ce masa wannan ai gayya ce, na bayyana masa yadda muke yi a gona. Ya gyaɗa kai ya ce to su ma haka, har da abincin.

Bayan wuta da 'yan kwanaki toho zai fito, sai manyan motoci su fara sauke maruƙa daga Teksas da Oklahoma da wasu jihohi. Yawancin shanun ba na mutanen garin ba ne, kiwon haya ne. Su ci ciyawa wata uku ko fiye, kowane yana ƙara kusan kilo guda a rana, sannan a kwashe su zuwa wuraren turka. Wato su ma suna da mashekari, sai dai shanunsu a tirela suke zuwa, ba su bi ta gonar kowa ba. Bai ɓoye mini aibin abin ba: hayaƙin yakan kai manyan birane, masu asma na kuka, kuma masana na cewa ƙona fili ɗaya kowace shekara na hana wasu tsuntsaye wurin yin sheƙa. Ni dai ban tuba daga wa'azina ba. Wutarmu ta rani ce, a kan ƙasar da za ta yi wata biyar ba ta ga ruwa ba, kuma sau da yawa don ɓera ake cinna ta. Tasu ana gobe damina ce.

Washegari muka shiga gandun ciyawa na ƙasa da ke arewa da Strong City, wanda aka kafa a 1996, eka kusan 11,000. Akwai gidan dutse na wani attajirin makiyayi da aka gina a 1881, da rumbun dabbobi mai hawa uku. An dawo da ɓaunar Amurka wurin a 2009, guda 13 aka fara da su. Mun hango su daga nesa, ban nemi ƙarin kusanci ba. Abin da ya fi burge ni wani kwari ne da wuta ba ta taɓa ba. Na tsinko busasshen kara na murza, na ce wa yaron, "Kai, wannan ai gamba ce." Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ba ka yi kuskure ba, dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai." Na tsaya ina tunanin zana nawa za a saƙa da abin da suke ƙonewa a dare ɗaya.

A hanyar komawa muka tsaya a Council Grove. Nan ne ƙarshen zaman ƙabilar Kaw, 'yan asalin ƙasar da ake kuma kira Kanza, a jihar da ta ci sunansu. Su da sauran ƙabilun yankin ne suka fara cinna wa tuddan nan wuta don toho ya jawo ɓauna. A 1873 gwamnati ta tashe su, mutum wajen 600, ta kora su kudu zuwa inda yake Oklahoma a yau. Na sake duba shekarar a jikin allon. A shekarar da magina ke ɗora dutsen ƙarshe a ginin kotun da na yaba jiya, a shekarar ce masu ƙasar ke tafiya da kayansu a ka, tafiyar yini guda daga wurin. Littattafan filayen nan da suka ba ni sha'awa, shafinsu na farko bayan an karɓe ƙasar daga hannun masu ita ya fara.

Jikokinsu sun sayi wani yanki a kudu maso gabashin garin sun mai da shi wurin tunawa, kuma a 2023 aka dawo musu da wani ƙaton jan dutse da suke girmamawa, wanda ya yi kusan shekara 100 a wani dandali a garin Lawrence ɗauke da sunayen Turawan da suka kafa garin. Muka je muka tsaya a gabansa. Ba kowa sai mu da iska.

Da muka shiga mota yaron ya ce rigata na warin hayaƙi. Na sa karan gambar a cikin littafina, ya ce jami'an filin jirgi ba za su bari in wuce da shi ba. Yana nan a kan teburinsa a Manhattan.