Fim ɗin Indiya a teburin mai shayi

Daren jiya bayan mun tashi daga kasuwa na biya wajen mai shayinmu na nan Agege a Legas, sai na tarar samari kusan shida sun yi cirko-cirko a kan waya ɗaya, an jingina ta da gwangwanin madara, fim ɗin Indiya ne fassarar Hausa. Ba mai cewa uffan. Akwai wani yaro ɗan Sakkwato mai tura baro a Mile 12, indominsa har ta huce a faranti bai ko kalle ta ba, don an zo daidai wajen da uban yarinyar ya riƙe mata hannu gam a tashar jirgin ƙasa, jirgi ya fara motsawa da saurayin a ciki. Da tsohon ya sake ta ya ce ta tafi, wallahi yaron nan sai da ya goge ido da bakin rigarsa. Na ce ƙanena ci abincinka mana, ya ce "Yaya bari dai ta shiga jirgin tukunna."

Dilwale Dulhania Le Jayenge ne, na Shah Rukh Khan da Kajol, tun 1995 ya fito, lokacin ba a haifi ko ɗaya cikin yaran nan ba. Akwai silima guda a Mumbai, Maratha Mandir, da ta shafe sama da shekara 25 tana nuna shi. Ni dai abin da ya sa fim ɗin nan ya zauna min a rai ba rawa ba ce ba kuma kyan wuraren Turai da suka je ba, a'a, uwar yarinyar da bakinta ta ce su gudu, saurayin ya ƙi, ya ce sai uban ya ba shi ita da hannunsa. To wannan ai mu ne. Duk Bahaushen da ya taɓa zaman jiran amsar waliyyi ya san yadda cikinsa ke ƙugi a kwanakin nan.

Titanic ma na kalla, ba sau ɗaya ba, kuma ba na raina shi, fim ɗin da ya kwashe Oscar 11 ai ba wasa ba ne, har yau in ka hau danfo wani direban waƙar Celine Dion ta cikinsa zai sako maka kuna maƙale a go-silo. Amma ni inda ya taɓa ni shi ne nutsewar jirgin, mutum sama da 1,500 da suka halaka a 1912. Soyayyar kwana kaɗan da ba dangi ba manya a ciki, gaskiya ba ta kama ni kamar waccan.

Waƙoƙin fina-finan Indiya kuwa wani abu ne daban. Ban iya Indiyanci ba, ko kalma goma ban sani ba, amma ranar da shahararriyar mawaƙiyarsu Lata Mangeshkar ta rasu a Fabrairun 2022 tana da shekara 92, Hajiyarmu ce ta kira ni daga Funtua take faɗa min da murya a sanyaye kamar wata 'yar'uwa aka rasa, ta ce da muryar matar nan ta yi daka ta yi wanki tun tana amarya. Ba mamaki, kiɗan nan ya shige mu har 'yan bandiri a Kano sun ari karinsa sun ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai.

Tun ƙaramar sallah rabona da gida. Maiɗakina tana da wata tsohuwar waƙa da take rera karinta ƙasa-ƙasa in tana shanya, ita ma ba ta san me ake faɗa ba. Da na bar wajen mai shayin na shiga ɗaki, janareton maƙwabta na ta ruri, na kira ta na ce ta ɗan yi min ita. Ta ce kai don Allah, Hajiya fa tana tsakar gida. Na ji takunta ta shige ɗaki ta tura ƙofa, sannan ta fara a hankali.